Ƙyallen da Bai Motsa Ba

Ina shanya a tsakar gida Dogo ya yi sallama. Abokin aikin maigidana ne, amma bai taɓa zuwa shi kaɗai ba. Da na ga jakar aikin Baban yara a hannunsa, sai na zauna a ƙasa. Wai a bakin mota ya yanke jiki ya faɗi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Sai bayan kwana tara wata magana tasa ta dawo mini. Aikinsu haɗa bututun kashe gobara ne, irin na gas, a ɗakin injuna inda ba a son ruwa. In sun gama sai su ɗaura ƙyalle a bakin kowane bututu, su turo iska daga ƙasa. Wanda ya kaɗa, hanyarsa a buɗe take. Ranar da zai rasu, yana karyawa ya ce mini, "Na ƙarshe a hawa na uku bai motsa ba jiya. Ban faɗa ba tukuna, sai na sake dubawa."

Daga nan abinci ya daina shiga. Ko jiniya na ji a titi sai in ɗauka can ne gobara ta tashi. Mutane na aiki a ɗakin nan kullum, kuma ni kaɗai na sani.

Na kira Dogo na gaya masa.

Ya ce, "Matar Yaya, Ogan kamfaninmu ya riga ya sa hannu an gama aikin fa."

"Kai ka ga sun kaɗa?"

"Ni ina ƙasa wajen tukwanen gas, ina buɗe iska. Yaya ke sama."

"To wa ya gani?"

Sai ya ce in ya tada maganar, Oga zai cinye shi ɗanye.

Na ce, "Kai da kanka ke taɓa rufi, ɗan guntun mutum kake tsoro?"

Sai da aka yi sati biyu kafin Oga ya yarda, yana ta cika yana batsewa. Na ce da ni za a je. Ɗakin sanyi kamar firji, injuna na ta gurnani, wata mata da rigar sanyi tana danna kwamfuta a ƙarƙashin bututun. Aka fitar da ita, aka ɗaura ƙyalle shida. Iska ta taho fuuu. Biyar suka tashi. Na shidan ko gezau.

Da Dogo ya kwance bakin, tsumma ya zaro, wanda aka cusa saboda ƙura aka manta. Oga ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Allah ya jiƙansa." Da matar nan ta dawo ta ga tsumman, sai ta ba ni kujerarta.

Har yau, kullum da safe kafin in zuba ruwa a butar shayi, sai na tara tafin hannuna a bakinta na hura ta sama, in ji iskar ta fito.