Cizon Harshe a Shagon Ormerod

Kai ma ka taɓa yi, kada ka musa. Ka zauna da mutumin da kake ƙauna, ka ga wani abu a jikinsa da bai kamata ya kasance a wurin ba, sai ka mai da idonka kan kofin shayi, ka ce wa ranka kara ce. Ba kara ba ce, tsoro ne. Abin da Leonard Fawcett ya yi ke nan wata Alhamis ta watan Nuwamba, a ɗakin bayan shagon taba na Ormerod, kuma har gobe mutanen garin mutumin kirki suke ce masa.

Shekara talatin da ɗaya suna haɗuwa a ɗakin nan duk Alhamis da ƙarfe uku na rana. Da su tara ne, yanzu saura uku: Leonard, wanda ya yi ritaya daga rabon wasiƙu, da Percy Hindle tsohon mahauci, da mai shagon, Cuthbert Ormerod, wanda hannunsa ke haɗa tabar lofen da rabin mutanen yankin Lancashire ke sha. An rubuta dokar ɗakin a kwali, an manna bayan ƙofa: ba zancen siyasa, ba zancen mata, ba zancen likita.

Ranar ce ta zaɓen haɗin tabar da za a sayar na Kirsimeti. Maud, 'yar Cuthbert, ta jera kwalabe uku a kan tebur, babu suna sai lamba, ta ajiye sababbin lofen yumɓu farare fat, ta koma gaba wajen sikeli. Da yumɓu ake ɗanɗano, don lofen katako yana riƙe ƙamshin tabar jiya. Ruwa na dukan tagar, garwashi na ci a murhu.

Suka cika daga kwalba ta ɗaya. Ganyen ja ne mai haske, yawancinsa irin wanda ake kira Birjiniya. Percy ya ja, ya lumshe ido.

"Wannan ai tabar sabon ango ce," in ji shi. "Zaƙi kamar ɓawon burodi. Ka ba limamin coci, ya sha bayan wa'azi."

"Kai da ka yi shekara arba'in kana shaƙar kitsen alade, me hancinka ya sani?" Cuthbert ya ce. Maganar ta fito da nauyi, kamar yana da goro a kunci.

"Ya san naman da ya kwana, tsoho, kuma ya san tabar da ba ta da ƙashi."

Leonard ya ji ciyawar kaka a cikinta, da ɗan tsami can ƙarshe. Haɗi ne mai kyau. Amma Cuthbert zuƙa biyu ya yi, ya runtse ido, ya ajiye lofen.

"Tana cizo," ya ce.

Duk mai shan lofe ya san cizon harshe. Ganye mai zaƙi in ya yi zafi yakan ƙona baki, kwana biyu ko uku ya wuce. Leonard ya lissafa a zuci. Na Cuthbert tun watan Agusta ya fara, ranar da suka dawo daga kallon wasan kurket. Ya kuma lura da abin da ya daɗe yana gani bai tsaya a kai ba: mutumin da ya shekara hamsin yana riƙe lofe a gefen bakinsa na hagu ya koma dama. Biskit ɗin citta da yake gurgura kamar ɓera, yanzu sai ya jiƙa shi a shayi ya yi laushi.

Kwalba ta biyu ganyen Turkiyya ya fi yawa a cikinta. Hayaƙinta siriri ne, mai ƙamshi kamar tsohon akwatin katako da aka daɗe ba a buɗe ba, da ɗan yaji a bayan hanci. Leonard ya so ta sosai. Ita ce irin haɗin da ya sa sunan Ormerod ya yi nisa, kowane ganye ana jin muryarsa, babu wanda ya danne wani.

"Ruwa," Cuthbert ya ce. "Ban ji komai ba. Maud ta bar murfin a buɗe ne?"

"Ƙalau take, mutumina," Leonard ya ce a hankali.

"Kai ɗan aike, ka tsaya a kan tambarin wasiƙa."

Percy ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya jawo kwalba ta uku. Da ya buɗe, ɗakin ya cika da ƙauri. Ganyen baƙi ne ƙirin, Latakiya ce ta fi rabi, wadda ake busarwa a kan hayaƙin itace har ta yi warin kwalta da tsohuwar fata. Leonard ya ja, ya ƙware da hayaƙin. Cuthbert ne da bakinsa ya sha faɗa musu cewa duk wanda ya zuba Latakiya fiye da kashi ɗaya cikin uku, ganyen banza yake ɓoyewa.

"Yanzu ka zo," Percy ya ce yana share hawaye. "Wannan ta maza ce. Kamar an cinna wa jirgin ruwa wuta."

Cuthbert ya jingina da kujera, ya yi ta ja a hankali. Fuskarsa ta saki.

"Ita kaɗai nake ji," ya ce. "Kuma ba ta cizo."

Da ya cire lofen daga baki, Leonard ya ga bakin yumɓun. Fari ne ɗazu. Yanzu akwai ja a kansa, tsawon gaɓar yatsa, yana sheƙi. Cuthbert ya sunkuya zai kakkaɓe toka, mayafin ulun da ya naɗe wuya da shi ya zame, sai ga wani ƙullutu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa na hagu, girman ƙwan tantabara.

Percy ma ya gani. Leonard ya ga idonsa ya sauka a kan jan, ya yi tsalle ya koma kan silin.

"Matsalarka gaggawa, tsoho," Percy ya ce, muryarsa ta ɗan ɗaga. "Ka riƙa shanya ganyen kafin ka cika. Ka bar Birjiniya har bayan sabuwar shekara. Ni da ya kama ni, jan giya na kurkure baki da shi, kwana uku na warke."

"Ka warke ko ka bugu?"

"Duka biyu."

Suka yi dariya su biyu. Leonard bai yi ba. Ƙanin mahaifiyarsa ya tuna, wanda ciwon baki ya sa aka ciyar da shi ta roba wata shida kafin a binne shi. Maganar tana bakinsa, gajeriya ce: tashi mu je asibiti. Ya dubi kwalin da ke bayan ƙofa. Ya dubi kujeru shida da aka jingine a bango. Ya tuna cewa wannan ɗakin ne kaɗai wurin da ake jiransa a duk mako tun da matarsa ta rasu.

Cuthbert ya gyara mayafinsa, ya kafe Leonard da ido, ya daɗe.

"Kana da magana, ɗan aike?"

Ruwan ya ƙara ƙarfi a taga.

"Ta uku na zaɓa," Leonard ya ce.

Al'adarsu ce a jefa lofen yumɓu cikin garwashi bayan ɗanɗano, wuta ta wanke shi. Cuthbert ne ya fara jefa nasa.

A bakin ƙofa, Leonard na sa rigar ruwa, Maud ta bar sikelin ta riƙo hannunsa.

"Kawu Leonard, ya kuka gan shi? Ba ya cin komai sai romo. In na ce ya buɗe baki in duba, sai ya ce ni ba uwarsa ba ce. Ku yana jin maganarku."

"Cizon Birjiniya ne, 'yata," ya ce, yana neman maɓallin rigarsa. "Duk mun sha fama da shi."

Ta saki hannunsa, har da yi masa godiya.

Haɗi na uku ya ƙare tas kafin Kirsimeti. Masu saye suka ce Ormerod bai taɓa yin mai ƙarfi kamarsa ba. A ƙarshen Fabrairu, ranar da ko ruwa ya ƙi wucewa, Maud ta kira mota. Likitocin babban asibiti suka yanke fiye da rabin harshen da wani sashe na muƙamuƙi, suka ce mata ciwon dajin ya riga ya sauka wuya. Da a kaka aka kawo shi, in ji su, da aikin ƙarami ne.

Sai a watan Afrilu Leonard ya iya hawa benen da ke saman shagon. Da rana ne, an buɗe labule. Cuthbert yana kan kujera, ya rame har kunnuwansa sun yi girma, da ƙaramin allo da alli a cinyarsa. Leonard ya yi zancen ruwan sama, ya yi zancen ciwon ƙafar Percy. Cuthbert bai dube shi ba. Ya ɗauki allin, ya rubuta, ya juyo allon.

"Ka gani ranar?"

Leonard ya gyaɗa kai.

Cuthbert ya share da gefen hannu. Ya daɗe yana rubutu na biyu, allin na zamewa.

"Jira nake wani ya faɗa."

To, kai da ke karatun nan, akwai wani a gidanku ko a majalisarku mai shan taba, ko ta lofe ko ta kara ko ta ƙulle a leɓe, wanda ya koma tauna da gefe ɗaya, ko yake da miki a baki da ya wuce mako uku bai warke ba. Ka san shi, sunansa ya riga ya zo maka. Kada ka ba shi maganin kurkura. Ka je wurinsa yau, ka faɗa masa abin da ka gani, ka bar shi ya yi fushi, ya zage ka in yana so, sannan ka sa shi gaba har ƙofar likita.