Amanar Kifaye Biyar

A shekarun da kuɗin fetur ya fara kawo baƙin kaya garuruwanmu, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Eunice tana haya a gidan Malam Badaru a Birnin Kudu. Da aka tura ta Gwaram aikin rigakafi na wata guda, sai ta ba shi amanar wani akwatin gilashi mai ƙananan kifaye biyar, duka mata, tsarabar da ƙanenta ya kawo mata daga Ikko kafin ya rasu. Ta ce abinci kaɗan kawai zai riƙa zuba musu.

Malam mutum ne mai tsafta. Ya dubi ciyawa da duwatsun da suka cika akwatin, ya ga bai dace halittar Allah ta zauna cikin ƙazanta ba. Ya tsame ciyawar da duwatsun sarai, ya watsar a bayan gida.

Kafin la'asar kifayen sun far wa juna. Washegari ɗaya ta taso ciki sama. Ya ƙara abinci ko yunwa ce, ya yi addu'a ya tofa a ruwan, ba abin da ya sauya. A kwana na uku babbar ta yayyage wutsiyar ƙaramar, ita kuwa sai kewaya take yi, ba ta da mafaka. Tuwo ya gagari Malam. Shekara talatin yana karantar da cewa ko allura aka ba mutum ajiya sai an tambaye shi ranar hisabi.

Matarsa Hapsatu ta leƙo, ta tambayi inda ciyawar take. Ya ce ya share.

"Ai danga ka rushe musu, Malam. Ko mu da maƙwabta, a cire zanar nan a gani ko za mu kwana uku lafiya."

Ya tarar ciyawar ta bushe. Dattijo ya naɗe wando, ya shiga kududdufi har gwiwa, mutane na kallo, ya ɗebo kainuwa, ya tsinto tsingaron tukunya, ya wanke, ya jera musu. Ƙaramar ta shige ƙarƙashin tsingaro, faɗa ya lafa. Amma da safe ba ta motsi.

Hapsatu ta ce ya bari sai mai su ta dawo ya gaya mata. Ya ce ba shi da tabbacin zai kai lokacin. Ya nuna mata yawan abincin ukun da suka rage, ya ɗauki sandarsa, ya nufi tashar motar Gwaram yana istigfari.