Roba a Hancin Yaya Kalli

Ranar Laraba Yaya Kalli ya tafi Gashua sayen bandar kifi. Yana cikin duba kaya ɓarinsa na dama ya saki, ya zube a kan kwalaye. Abokan sana'arsa suka kai shi asibiti a can, sannan suka kira ni a Nguru. Ni malamin firamare ne wanda ko 'yan aji uku ba sa yin shiru idan ya shigo, amma tunda ni ne ƙanensa namiji, sai aka ce komai yana hannuna.

Nas ɗin ɗakin maza, Sista Nguveren, 'yar Binuwai ce, ta daɗe a Gashua har Hausarta ta fi tawa gudu. A gabana ta gwada shi da ruwa rabin cokali. Ya kama tari, muryarsa ta koma kamar ta mai kurkure baki.

"Malam, ka ji da kunnenka," in ji ta. "Shanyewar ɓarin jikin ta taɓa haɗiya. Duk abin da ya bi ta bakinsa, huhu zai nufa. Ko ɗigo kar a ba shi."

"To, abinci fa? Magani fa?"

"Ita ce maganar. Ƙarin ruwa ba abinci ba ne, ƙwayoyin hawan jinin da likita ya rubuta kuma na haɗiya ne. Sai an zura masa roba ta hanci zuwa ciki. Ga takarda, ka sa hannu."

Na ce zan yi shawara. A gidanmu shawara na nufin Gwaggo Fadimatu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta raine mu. Na kira ta a waya.

"Roba?" ta ce. "Ka taɓa ganin wanda aka sa wa roba a hanci ya koma gida da ƙafarsa? Mijina da ita ya tafi. Kar ka kuskura, Abbagana."

Na ninke takardar na sa a aljihu.

Daga nan na zama ɗan hanya. Da safe in shiga mota zuwa Gashua, da la'asar in bar matarsa Juwairiyya a gefen gado in koma Nguru lallashin Gwaggo. In ina Gashua, ina tsara abin da zan faɗa wa Gwaggo. In ina Nguru, ina tsara abin da zan faɗa wa Sista. A cikin mota kaɗai nake da baki. Direbobin tasha har sun fara ajiye mini kujerar gaba, suna zaton wata sana'a na kama.

Ga kuma 'yan dubiya. Mutanenmu ba sa zuwa hannu sake, kuma ba sa jin sun yi dubiya sai sun ga mara lafiya ya kurɓa. Wannan da kunun tsamiya, wancan da fura, wata da farfesun tarwaɗa da yaji ya yi wa yawa. Ni ban iya cewa a'a ba, sai na ƙirƙiro dabara: in karɓa, in ce yanzu ya yi barci, in kurɓa a madadinsa don kar a ji haushi. Ni da ke fama da gyambon ciki shekara tara. Yayana na bushewa a kan gado, ni ina zagaye baranda riƙe da ciki ina gyatsa.

Ranar Asabar leɓɓansa suka tsage. Sista ta jiƙa auduga tana shafa masa, shi kuma ya ɗaga hannun hagu yana nuna bakinsa, idonsa a kaina. Na juya ina karanta wata sanarwar wanke hannu a bango kamar za a yi mini jarrabawa a kai.

"Malam," in ji Sista, tana kwance abin awon jini daga damtsensa, "jininsa bai sauka ba. Takardar nan ta fara tsufa a aljihunka."

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo da kanta, ita da ta shekara biyar ba ta wuce kasuwar Nguru ba. Tana riƙe da gorar rubutu a ƙarƙashin mayafi.

"Sannu da hanya, Gwaggo. Kawo in ajiye."

"Ka ajiye a cikinka? An ba ni labarinka. Matsa."

Na matsa. Wannan ba zan ɓoye ba. Ta tsiyaya a murfin gorar, ta yi bisimilla, ta kai bakinsa. Ina shirya jimlar da zan faɗa ke nan Yaya ya ƙware. Ba tarin da na sani ba ne. Ƙirjinsa yana tashi, iska ba ta shiga, fuskarsa ta yi duhu. Juwairiyya ta ruga ta kira Sista. Sista ta zo ta juya shi gefe, ta jawo injin zuƙe majina, ta yi ta aiki. Da numfashinsa ya dawo, sai na ga hannuna riƙe da wuyan hannun Gwaggo. Ban san lokacin da na kama ba, kuma na makara.

Na jira Sista ta yi faɗa. Sai ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Mama, me ke cikin gorar?"

"Rubutu ne," in ji Gwaggo.

"Kina so ya kai cikinsa?"

"Don me na taso daga Nguru?"

"To hanyar baki ta rufe, kin gani da idonki. Saura ta hanci. In likita ya yarda, zan tace shi in zuba kaɗan, kina kallo."

Gwaggo ta dubi Yaya. "Mijina," ta ce, "sai da ya kwana tara bai ci komai ba kafin a sa masa."

"Wannan yau kwana huɗu, Mama."

Gwaggo ta juyo kaina. "Kai kuma me kake jira? Kana yawo da takarda a aljihu, ɗan'uwanka na mutuwa da yunwa."

Na ɗora takardar a kan gwiwata na sa hannu, da biron Sista, domin nawa ya ƙi rubutu.

Zura robar ba abin kallo ba ne. Yaya ya yi hawaye, ya damƙe yatsuna da hannunsa mai lafiya har na ji a ƙashi. Sista ta tabbatar robar ta sauka ciki, ta manne ta a kumatunsa, ta niƙa ƙwaya a ruwa ta zuƙa a sirinji.

"Rubutun ne farko, 'yar nan," in ji Gwaggo.

"Magani ne farko, Mama. Naki yana layi."

Da ta gama ta ja ni baranda. Ta ce mai yiwuwa wani abu ya riga ya faɗa huhu ɗazu, sai an yi kwana biyu za a sani. In jikinsa ya yi zafi, ko numfashinsa ya yi sauri, in kira ta nan take.

Yau ban je tasha ba. Gwaggo ta ƙwace kujerar gefen gadon, don haka ina tsaye. Na taɓa goshinsa sau shida tun azahar. Har yanzu da sanyi, sai dai ban tabbata ba ko tafina ne ya yi zafi.