Inci Biyu

Shekara ashirin ina taka keken ɗinki, na ga iyaye kala-kala, amma ban taɓa ganin mai ƙaramin tunani irin matar nan ba. Uwar-iyayi nake ce mata a raina. Siririya ce kamar tsinken tsintsiya, tana taka ƙasa kamar alfarma take yi mata.

Ta shigo shagona da 'yarta, za a ɗinka mata rigar makaranta. Yarinya 'yar shekara tara, kumatu cike, ga fara'a, tubarkalla. Ina ɗora tef a ƙugunta sai na ji ta ɗauke numfashi, ta shanye ciki.

"Saki jikinki, 'yata," na ce. "Wa ya koya miki haka?"

Sai ta kalli uwarta.

Uwar ta leƙo ta karanta awon, ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Lukuti, kin gani? Ni da 'yan matancina ban kai haka ba." A gaban mata biyu masu jiran ɗinki ta faɗi wannan, su ma sakarkarun har da dariya. Sannan ta juyo kaina. "Tela, ki rage inci biyu."

"Ai ba za ta shige ta ba."

"Abin da nake so ke nan. Haka mahaifiyata ta yi mini. A ɗinka riga ƙarama, yarinya ta san tana nan tana jiranta, ta kama bakinta har ta shiga. Ga ni nan, kin ga wani aibu?"

Na gani kam, sai dai ba a ƙugu yake ba. Wai ita nan gadon tarbiyya ta ɗauko! Na haɗiye maganata, na ce su dawo bayan mako uku. Suna fita na yi tsaki, na rantse almakashina ba zai yi wannan zalunci ba. Na yanka yadin daidai jikin yarinya, ko tsinke ban rage ba. Ina ɗinki ina yabon kaina, ni mai wayo, na yi wa Uwar-iyayi shigo-shigo ba zurfi.

Ranar da suka dawo, da ƙyar na gane yarinyar. Leɓe a bushe, ido ya faɗa, gaisuwa ma ciki-ciki. Akwai gwangwanin biskit da nake ajiye wa yara kusa da keke. Na miƙa mata, ta mayar da hannuwanta baya kamar wuta na nuna mata.

Ta shiga bayan labule da rigar. Na ji zif ya haye sumul. Ta fito a guje, fuska ta washe.

"Mama, ta shiga! Har da sauran wuri!"

Uwar ta ɗaga hanci. "Ba na faɗa ba? Dabarar manya ba ta faɗuwa ƙasa banza."

Na tsuguna ina gyara mata kalmasa, sai yarinyar ta sunkuyo ta raɗa mini: "Anti, abincin rana nake zubarwa a kwandon shara a makaranta. Kullum. Ashe yana aiki."

Wayon nawa ke nan: na ɗinka mata shaidar cewa yunwa na biya. Raina ya ɓaci, da uwar, da kaina ma. Na miƙe, na fuskanci uwar.

"Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah! Ban rage komai ba. Daidai jikinta na yanka, domin jikinta ba shi da laifin komai. 'Yarki abinci take zubarwa, ke kina nan kina taƙama da dabarar manya. Likita za ki kai ta, ba tela ba!"

Uwar ta taɓe baki, ta ce ashe ban iya bin umarni ba, teloli ai ba su ƙare ba. Ta shiga tattara jakarta.

Na juya in rarrashi yarinyar. Tana tsaye gaban madubi, murnar ta tafi. Ta kama naman cikinta ta saman rigar da yatsu biyu, tana dubawa.

"Wato ban kai ba," ta ce a hankali. "To, sai na daina cin na safen ma."