Igiyar Tarun da Agbeko Bai Taɓa Ba

Laifin Agbeko ɗaya ne, ba ya tsayawa wa mutane. Tun da ya koma birni yake wuce jama'a kamar yana wuce itatuwan kwakwa.

Ranar da za a binne ubansa, ruwan sama ya cinye hanyar mota. Sai ya bi bakin teku da ƙafa tun safe, tafiyar kusan yini guda zuwa garinsu Amukope. A kansa akwai ƙunshi, zanen saƙi ne da tsohon ya ce a naɗe shi da shi. Dangi sun ce za su jira har rana ta karkata, ba za su wuce haka ba.

Bai yi kuka ba. Teku na dama, tafki na hagu, yashi a tsakiya, shi ke nan abin da yake gani. Rana ta gasa shi, yayyafi ya jiƙa shi, iska ta busar da rigar, hadari ya sake haɗowa. Duk bai ji ba, ƙafa kawai ke aikinta.

Wajen hantsi ya iske masunta suna jan taru. A wannan gaɓa duk mai wucewa yakan sa hannu a igiya, ko ja uku ne, a ba shi kifi, a gaya masa yadda hanya take a gaba. Agbeko ya ratse ta bayansu.

Tsoho Adzaho, mai tarun, ya ce, "Ɗana, igiya na gaishe ka."

"Sauri nake, baba."

"Saurin zuwa ina?"

Ya ci gaba da tafiya. Wata mai kwandon kifi ta ce, "Ƙyale shi, baba. Hannun birni ne, kada ya yi kanta."

Suka yi dariya. Tsohon ya sake kira, iska ta kwashe maganar.

Abin da za a gaya masa kaɗan ne. Tafki ya cika, mutanen Amukope sun yanke yashin tun safe don ruwa ya fice zuwa teku. Mai zuwa can sai ya shiga kwalekwale daga nan.

Bayan azahar ya iso inda aka yanke yashin. Ruwa ja yana gudu inda dā hanya take, ga rufin gidan ubansa can ƙetare, ana jin ganguna. Ya tsaya yana kallo. Sannan ya shiga, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, yashi ya zame ƙarƙashinsa. Da ƙyar ya rarrafo gefen da ya baro, kansa ba komai.

Ya zauna. Ruwan sama ya sauko, ya ɗauke. Gangunan suka yi shiru.

Ya rasa takalmansa biyu, ya rasa zanen. An binne ubansa da zanen aro, ɗan ƙanin marigayin ne ya zuba ƙasar farko.