Ƙusar da Tsatsa Ta Ci

Farantin tangaran na farko, cikin masu riƙe wayar lantarki, da Dogo ya kwance daga saman turken wuta ya sauko a igiya, ƙanensa Auta ya tare shi a ƙasa. A ido lafiya lau, tangaran sai sheƙi. Da Auta ya murɗa ƙusar ƙarfen da ke tsakiya, sai ta gutsure a hannunsa, jan gari ya zubo masa a tafi.

Wutar wannan layi hanya ɗaya take bi, ba ta juyawa, saboda haka idan raɓa ta jiƙa farantan sai ta riƙa cin ƙusoshin ta ciki. An kashe wutar don gyara, amma irin waɗannan ƙusoshi ne ke riƙe da jerin farantan da Dogo ke kai yanzu, ya yi rarrafe har tsakiya. Igiyar kariyarsa ma a jikin jerin ya maƙala ta, don ta turke ba ta kai can.

Dokar aikin kuwa, ba a yi wa na sama ihu. Wanda ya firgita zai zabura, zabura ɗaya kuma ta isa.

Auta ya danna oba-oba, rediyon da suke magana da juna.

"Yaya, ɗan dawo jikin turke mana. Matarka ce a waya, ta ce sai kai."

Dogo bai juyo ba. Dogo mutum ne mai taurin kai, ko ruwa ba ya sauka sha sai ya gama. Auta ya fara neman wata ƙaryar.

"Auta," in ji Dogo, muryarsa ƙasa-ƙasa, "matata ba ta da lambarka. Na ji abin ya motsa a ƙarƙashin gwiwata tun ɗazu. Kada ka yi shiru, yi ta magana."

Sai Auta ya yi ta zuba. Ya tsokane shi da tumbinsa, da sanƙonsa, da keken da ya hana shi hawa suna yara, Dogo na ja da baya faranti bayan faranti. Tsoro kamar ya kashe Auta, amma ko sau ɗaya muryarsa ba ta yi rawa ba.

Da Dogo ya rungumi ƙarfen turke ya mai da ƙugiyar igiyarsa can, ya ce, "To, ya isa, na iso."

Auta bai iya daina zuba ba. Yana durƙushe a ƙasa, yana hawaye, yana ta ba shi labarin keken.