Motar da Ke Bin Keke

Ya taka birki, ya saki, ya sake takawa. Baƙar motar ofis tana rarrafe a bayan kekuna biyu, titin kuwa ya cika da hon. Wani mai bas ya leƙo ta taga ya ce, "Kai tsoho, gawa ka ɗauko ne?" Direban ko waiwaye bai yi ba. Idonsa na kan mutum biyun da ke gabansa.

Na dama Darakta ne, shugaban hukumar sufuri ta birnin, sanye da hular kwano, ya cusa ƙafafun wandonsa cikin safa. Na hagu Dogo ne, masinjan ofis, a kan tsohon kekensa mai kwando. Dogo ya faɗi wata magana, Darakta ya ƙyalƙyale da dariya har kekensa ya yi tangaɗi. Direban ya sauke gilashi ya kasa kunne, amma hon ya cinye komai.

Tun da hukumar ta shafa koren fenti a gefen manyan tituna ta ce hanyar keke ce, Darakta ya rantse shi zai fara hawa, don kada a ce yana tura mutane inda shi ba ya zuwa. Ya nemi abokin tafiya, aka nuna masa Dogo, wanda bai taɓa samun wani abin hawa ba in ba keke ba. Ita kuwa mota aka ce ta riƙa bi a baya da kwat da jaka da takalman ofis.

Kujerar baya ce ke cin ran direban. Shekara da shekaru a nan Darakta ke sauke abin da ke ransa. A nan ya faɗi abin da likita ya ce game da hawan jininsa, kafin ma Hajiya, matarsa, ta ji. A nan ya yi kuka ranar da mahaifiyarsa ta rasu, direban ya karkatar da madubi don kada ya gani. Yanzu takalma ne a wurin, a jere, kamar na wanda ya shiga ɗaki ya rufo ƙofa.

A ofis, direbobi na zaune a inuwar rumfar ajiye motoci.

"Ga mai rakiyar keke nan! Baba, yau ka sa giya ta biyu kuwa?"

"Ina fa! A sayo masa ƙararrawa kawai, ya huta da hon."

Ya yi murmushin yaƙe, ya ɗauko tsumma ya hau goge motar da ba ta yi datti ba. Yana cikin haka sai ga Dogo, yana share gumi da hannun riga.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Yallaɓai ya ce in karɓo masa kwat da takalma."

"Ni ƙafata ta karye ne?"

"A'a, wallahi hutar da kai ya yi." Dogo ya sosa ƙeya. "Ya kuma ce daga gobe ka daina binmu. An ɗauki hoton motar tana bin keke ba kowa a ciki, an baza a wayoyi, mutane sai dariya suke. Ka yi haƙuri, Baba, ni saƙo aka ba ni."

Da Dogo ya yi fankama, da abin ya zo da sauƙi. Amma har rusunawa ya yi da zai karɓi takalman. Direban ya bi shi da kallo yana hawa matakala, yana tunanin cewa ko sallamar ma ta bakin wani ta iso.

Bayan azahar wayarsa ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Baba, kai kaɗai na yarda da kai. Mutumin nan ya ce gobe ba mota a bayansa. Tsakaninka da Allah, hanyar nan tana da lafiya?"

Direban ya koma gefen rumfa da wayar. Ya san Hajiya. Darakta na iya ja da kowa a birnin nan, amma in ta sa kuka ta kira yayyensa da likitansa, magana ta ƙare.

Ya kuma san amsar. Hanyar ba ta da lafiya. Fenti ne kawai, ba shinge, ba dakali. Masu bas na sauke fasinja a kai, manyan motoci na cin rabinta a kwana. Darakta bai taɓa ganin haka ba, domin baƙar mota na tsaye a bayansa kamar bango, tana tare masa duk abin da ke tahowa. In direban ya faɗi wannan bai yi ƙarya ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne yadda gaskiyar ta yi masa daɗi tun kafin ya furta ta. Ya tambayi kansa, mutum zai iya faɗin gaskiya ya zama ya yi zalunci? Domin ya san wani abu kuma: in Darakta ya hau hanyar nan sau ɗaya ba kariya, ya ji iskar tirela a kunnensa, kafin wata ya ƙare za a kafa shinge. In kuwa ya sauka daga keke yau, fentin zai koɗe, kuma Dogo da ire-irensa za su ci gaba da kutsawa tsakanin tayoyi kamar yadda suka saba. To amma in tirelar ba iska kaɗai ta ba shi ba fa? Wa zai kalli idon Hajiya?

"Baba, kana jina?"

"Ina ji, Hajiya. Ni dai da ɗan'uwana ne, ba zan bar shi ya hau ba."

"Shi ke nan. Allah ya saka da alheri."

Da aka tashi aiki, Darakta ya sauko cikin kwat da takalman ofis, fuska a ɗaure. Ya sa mai gadi ya kai kekensa sito. Direban ya yi sauri ya buɗe masa ƙofar baya.

"Sannu da aiki, Yallaɓai."

"Yawwa. Mu je."

Suna hawa babban titi cunkoso ya haɗiye su. Direban ya gyara madubi, ya gyara sanyin mota, ya jira. Ya tanadi labarai da yawa a kwanakin nan: 'yarsa ta haihu, maƙwabcinsa ya sayi motar da ta ƙi tashi tun ranar farko. Ya yi gyaran murya.

"Yallaɓai, ai kuwa yarinyar nan tawa..."

Aka ƙwanƙwasa gilashin baya. Dogo ne, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana murmushi. Darakta ya sauke gilashi da sauri, ya leƙa har kafaɗa.

"Dogo! Ba ka ƙarasa min labarin surukin nan naka ba!"

"Sai wani jiƙon, Yallaɓai! A sauka lafiya. Baba, a yi a hankali!"

Dogo ya taka feda. Gaba kaɗan wata bas ta yanko ta tsaya a kan koren fentin, Dogo ya kauce ya matse tsakaninta da wata motar kaya, kafaɗarsa na gogar ƙarfe, sannan ya ɓulle ta can ya ɓace. Darakta bai ga wannan ba, ya riga ya koma ya jingina yana rufe gilashi. Direban ne ya gani.

Motocin gaba suka matsa kaɗan, suka sake tsayawa. Ta madubi ya hango Darakta yana kallon waje, yatsunsa na ƙwanƙwasa gwiwa.

"Me kake cewa ɗazu?"

"Ba komai, Yallaɓai."

"To, kunna mana rediyo."

Ya miƙa hannu ya kunna.